Kundin aiki: ciki da narkewar abinci a Turancin mutanen da

11 ga Janairu, 2025

Yau na tsayar da iyakar aikin. Ɗan littafi ne da Hausa domin ɗalibanmu masu karatun tarihin harshen Ingilishi, kuma a kan abu guda zai tsaya: kalmomin da mutanen Ingila suka riƙa faɗa in ana maganar ciki, hanji da narkewar abinci, daga zamanin Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, zuwa wajen 1500.

Kowane ɗalibi ya haddace cewa Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya kwararo cikin harshen. Amma ka ce ya nuna maka yadda kalma ɗaya ta ture wata daga mazauninta, sai ya yi shiru. Ciki wuri ne mai kyau na nuna wannan, don likita ya yi maganarsa, mai wa'azi ya yi, mawaƙi ya yi, mai dafa wa sarki abinci ma ya yi.

Kayan aiki: ƙamus ɗin Bosworth da Toller na 1898 don tsohon Turanci, sai babban ƙamus na Turancin tsakiyar zamani da Jami'ar Michigan ta kammala a 2001. Duka biyun suna intanet kyauta. Sai juzu'i uku na littattafan magani da Oswald Cockayne ya buga tsakanin 1864 da 1866.

25 ga Janairu

Na gama tattara kalmomin kafin 1066. Manya biyu su ne *maga* da *wamb*. *Maga* ita ce jakar da abinci ke fara sauka, wato tumbi. 'Yar'uwarta tana nan da rai a Jamusanci, *Magen*. *Wamb* kuwa duk cikin ne, na namiji da na mace, har da na kifi. Ƙananan sun haɗa da *hrif*, wadda ta rage a cikin *midriff* kaɗai, da *þearm* da *guttas* na hanji, da *innoþ* na kayan ciki gaba ɗaya. *Belg*, uwar *belly* ta yau, a lokacin jakar fata ce kawai, kuma daga gare ta aka samu sunan zugazugin maƙera.

Inda kalmomin nan suka fi taruwa shi ne littafin maganin Bald, wanda aka kwafa a tsakiyar ƙarni na 10, yanzu yana Laburaren Birtaniya a Landan. A ƙarshen kashi na biyu an rubuta cewa Bald ne mai littafin, shi ya sa wani Cild ya rubuta masa. Kashi na farko cututtukan waje ne, daga ka zuwa ƙafa. Na biyu na ciki ne, kuma da *maga* ya buɗe: babi 16 a kansa kafin a kai ga hanta.

Abin da ya tsayar da ni a babin farko shi ne yawan laifin da aka ɗora wa tumbi. Marubucin ya ce yana kusa da zuciya da ƙashin baya, kuma yana da alaƙa da ƙwaƙwalwa, saboda haka in ya lalace sai a ga farfaɗiya, rashin barci, damuwa marar dalili, ko ƙin abinci, ko kwaɗayin da ba ya ƙarewa. Yawancin wannan ba ƙirƙirar Ingila ba ce. Daga fassarar Latin ta littafin Alexander na Tralles aka ɗebo shi, likitan Rumawan gabas na ƙarni na 6. Sai dai an zuba shi cikin kalmomin gida tsaf. A wancan lokaci ba wanda ya ga buƙatar aro suna daga Latin domin ya kira tumbinsa.

8 ga Fabrairu

Kalmar narkar da abinci a tsohon Turanci *meltan* ce, wadda ake faɗa wa kitse da kankara. *Meltung* narkewa, *unmeltung* rashin narkewa. Wannan shafi ba zai ba ɗalibanmu wahala ba, don abin da muke faɗa ke nan.

Cutar tumbi a littafin Bald ta kasu bisa zafi da sanyi, danshi da bushewa. Mai tumbi mai zafi yana fama da ƙishirwa, gyatsarsa tana warin hayaƙi, a ba shi abinci mai sanyaya jiki. Mai tumbi mai sanyi gyatsarsa tsami take yi, a ɗumama shi. Magungunan sun haɗa na bayan gida da na nesa: *wermod*, ganye mai ɗaci ɗan'uwan tazargade, ga ruwan tsami haɗe da zuma, ga masoro da mastaki waɗanda sai fatake sun kawo daga gabas.

Kusa da ƙarshen kashi na biyu akwai jerin magunguna da aka ce Iliya, shugaban cocin Kudus, ya aiko wa Sarki Alfred bayaninsu, har da na sakin ciki in ya ɗaure. Asser, wanda ya rubuta tarihin sarkin, ya ce Alfred ya yi fama da wani ciwo mai tsanani tun ranar bikin aurensa har fiye da shekara 20. Wasu likitocin zamani sun yi hasashen cutar Crohn ce, mai kumbura hanji. Zan ambata shi a matsayin hasashe, layi ɗaya, in wuce. Ba na son littafin ya zama asibitin matattu.

22 ga Fabrairu

Wannan shi ne babin da sauran suka rataya a kansa, shi ya sa na daɗe a nan.

Daga ƙarni na 12 zuwa gaba, duk mai ilimi a Ingila ya ɗauka narkewar abinci girki ne. Tumbi tukunya, hanta wutar da ke ƙarƙashinta. Ba ado ba ne na magana a wurinsu, haka suka fahimci aikin jiki. Girkin kuma hawa-hawa ne. Na farko a tumbi, inda abinci ke komawa farin ruwa mai kauri, tukar ta gangara hanji. Na biyu a hanta, inda wannan ruwa ke zama abubuwa huɗu da littattafan ɗibbu na Larabci ke kira dam (jini), balgam (majina), safra'u (rawayan ruwan ɗaci) da sauda'u (baƙin ruwan ɗaci); abin da ya rage ya fita a fitsari. Na uku a gaɓoɓi, inda kowace gaɓa ke jan rabonta daga jini ta mayar da shi irin namanta; ragowar ta fita a gumi, ko ta zama gashi da farce. Ibn Sina ya ƙirga huɗu, don ya ware na cikin jijiyoyi daban. Kowace gaɓa kuma an ce tana da ƙarfi huɗu: na jawowa, na riƙewa, na dafawa, na fitarwa. Amai da zawo gazawar riƙewa ce, ɗaurewar ciki gazawar fitarwa.

Ƙa'idar da ta fi kowace tasiri ita ce, abin da girkin farko ya ɓata, na biyu ba ya gyarawa. In abinci ya bar tumbi da ɗanyensa, hanta za ta yi gurɓataccen jini da shi, daga nan cuta ta bi jiki. Da ka riƙe wannan, sai shawarwarin da suka cika littattafansu su daina zama tarkacen camfi. Kada ka ci wani abinci kafin na farko ya sauka, don ba a zuba ɗanye a kan dafaffe. Kada ka kwankwaɗi ruwan sanyi a tsakiyar ci, wuta za ta mutu. Fara da mai sauƙi, mai nauyi ya biyo baya. Rufe da abu mai bauri domin bakin tumbi ya tsuke, tururi kada ya hau kai. In za ka kwanta, fara da gefen dama, can ka juya hagu domin hanta ta lulluɓe tumbi da zafinta.

Asalin tunanin na Jalinus ne, likitan Girka na ƙarni na 2, amma hanyar da ya bi ya iso Ingila ta ratsa Larabci. Constantine ɗan Afirka, wanda ya fito daga ƙasar da take Tunisiya a yau, ya zauna a gidan ibadar Monte Cassino a Italiya a ƙarshen ƙarni na 11 yana mayar da littattafan Larabci zuwa Latin. Ya fassara babban littafin al-Majusi, ya fassara *Zad al-Musafir* na Ibn al-Jazzar mutumin Kairawan, da wata risalarsa a kan tumbi kaɗai. Bayansa Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara *al-Ƙanun* na Ibn Sina a Toledo. Daga cikin waɗannan Bartholomew ɗan Ingila ya ɗebi abin da ya zuba a kundinsa na ilimi wajen 1240, shi kuma John Trevisa ya juya kundin zuwa Turanci a 1398.

A wannan tafiya ce *stomak* ta shigo, a ƙarni na 14, ta hannun Faransanci daga Latin daga Girkanci. Tushenta *stoma*, baki. Isidore na Sabiliya tun ƙarni na 7 ya ce an kira shi haka ne don shi ne ƙofar ciki. Da ta zauna, sai *mawe*, jikanyar *maga*, ta fara zamewa ƙasa. Mawaƙi Chaucer yana iya cewa Annabi Yunusa ya zauna a *mawe* na kifi, mawaƙi Langland yana faɗa wa mutum ma, amma likita mai Latin *stomak* yake rubutawa. A ƙarshe *maw* ta koma ta dabba da ta zagi. Ba ta rasa komai wajen ma'ana ba. Kalmar littafi ce kawai ta fi ta daraja.

9 ga Maris

Azumi ya rage saurin aikin. Na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu, mai karatun ɗibbu, kalmomi uku da ke yawo a fassarorin Turanci na littattafan tiyata, irin na Lanfranc da na Guy de Chauliac wanda aka rubuta a 1363: *mirac*, *siphac*, *zirbus*. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko kunnenka ya san waɗannan?" Ya sa na maimaita ta biyun, ya yi dariya ya ce, "Ai sifaƙ ce, ɗana, an dai karya mata wuya." Haka ne kuwa. Sifaƙ tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, maraƙƙ bangon ciki mai taushi, sarb kitsen da ya rufe hanji. Likitan tiyata a Landan a 1400 yana furta Larabci ko da bai taɓa ganin Balarabe ba.

Sunayen hanji ma haka. Na farko faɗin yatsu 12 aka auna shi, sunansa ke nan a Girkanci, a Larabci, da Latin ɗin Gerard. Na biyu Larabawa suka ce masa *sa'im*, mai azumi, don in an buɗe gawa wayam ake samunsa. Turawan ma suka ce *fasting gut*. Mai ƙofa ɗaya kuwa *a'war* ne, mai ido ɗaya, Latin ta ce *monoculus*.

Malam ya kawo maganar nan da ake yawan ji, cewa tumbi ɗakin cuta ne, ƙaurace wa abinci kuma shi ne kan magani, ya ja kunnena kada in rubuta ta a matsayin hadisi. Ga likitan Larabawa al-Haris ɗan Kalada ake danganta ta. Na rubuta yadda ya ce.

23 ga Maris

Adabi. Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi saurin kumbura, don haka na takaita.

Tsakanin *meltan* da *digest* akwai kalmar da ta yi zamaninta ta ɓace: *defien*. A ƙarshen gabatarwar *Piers Plowman* na William Langland, masu gidajen giya a Landan suna tallar ruwan inabin Gaskoni da na Rhine, suna cewa a sha domin a *defie* gasasshen nama. Ɗalibin da ya san *defy* ta yau kaɗai zai ɗauka faɗa ake yi da naman. Ta cancanci shafi guda.

Langland ya fi kowa sanin ciki, don ya rubuta shi daga ɓangaren wanda ba ya ƙoshi. A waƙarsa, Yunwa mutum ce: ta cafki malalaci ta *mawe*, ta murɗe masa *wombe* har idanunsa suka yi ruwa. Ita ce kuma ke ba manomi shawarar likita, cewa kada ya ci sai ya ji yunwa, ya kuma tashi daga akushi tun da sauran marmari. Shi kuwa Haɗama ya nufi coci, aka tare shi a gidan giya, ya sha har hanjinsa ya fara gurnani kamar aladu biyu.

Chaucer da ba'a ya zo. Likitansa ya karanta Ibn Sina, Razi, Ibn Rushd, Constantine, da 'yan gida Gilbert da Gaddesden, abincinsa kaɗan ne mai saurin narkewa, sai dai son zinariya ya yi masa yawa. A labarin zakara da kaza, zakara ya yi mugun mafarki, matarsa ta ce ba wani wahayi, cikar ciki ce da yawan safra'u, ta rubuta masa tsutsotsi na kwana ɗaya ko biyu a matsayin *digestyves* kafin ya sha maganin wankin ciki. Abin dariyar shi ne tsarin nata daidai yake da na littafi: sai an nunar da gurɓataccen ruwan jiki kafin a kore shi. Wato zuwa 1390 wannan ilimi ya bazu har an san masu sauraro za su gane shi a bakin kaza.

Na ƙara waƙar John Lydgate ta ƙa'idojin cin abinci, wadda ta tsira a rubuce-rubucen hannu sama da 50. Tana gargaɗi a kan *rere-soper*, cin dare bayan an riga an ci na yamma. Na karanta wannan baitin bayan tarawihi, ga kwanon da aka ajiye mini a gefe.

12 ga Afrilu

Matsalar *wombe*. A fassarar Baibul ta almajiran Wycliffe, ƙarshen ƙarni na 14, Yunusa yana cikin *wombe* na kifi, masu haɗama kuma an ce *wombe* ne abin bautarsu. A littattafan magani, zawo gudun *wombe* ne. Ita ce kuma mahaifa. Sai a hankali *bely* ta karɓe ma'anar farko, *paunch* ta Faransanci ta ɗauki teɓa, aka bar *womb* da haihuwa kaɗai. A Sikotlan *wame* ta ci gaba da zama ciki.

Mai fassara wa Bature na yau dole ya zaɓi ɗaya a kowane wuri. Ni ba sai na zaɓa ba: mai ciwon ciki da mai ciki duk kalma ɗaya muke ba su. Na yanke shawarar sa "ciki" ko'ina, in bar jimlar ta nuna wanne ake nufi, kamar yadda marubutan suka bari.

*Stomak* kuma ba abinci kaɗai take ɗauka ba. Wani azzalumin ma'aikacin kotun coci a labaran Chaucer yana alfahari cewa bai san *stomak* ba bai san lamiri ba, yana nufin tausayi. Daga baya ta ɗauki girman kai, fushi da ƙarfin hali. Bakin tumbi na sama kuma sun riƙa cakuɗa shi da zuciya, shi ya sa ƙwannafi ya zama ƙunar zuciya a harshensu har yau. Wanda ke cewa farin ciki, baƙin ciki da tashin zuciya ba zai yi mamaki ba, don haka sakin layi ɗaya ya isa.

Na so in sa John na Salisbury, wanda a 1159 ya kwatanta ƙasa da jikin mutum, ya ce ma'aji da masu tara haraji su ne tumbi da hanji, in suka tara suka ƙi saki sai jiki duka ya kamu da cuta. Ya fita daga layin littafin, amma zai shiga ko a ƙasan shafi ne.

3 ga Mayu

Ina son babi ɗaya da zai fita daga takarda ya duba abin da ke cikin mutanen da gaske.

Littattafan sun ce tsutsar ciki daga ruɓaɓɓen balgam take haifuwa a hanji, ba daga waje take shiga ba. Sun kasa ta uku: doguwa mulmulalliya, mai faɗi kamar 'ya'yan duma, da ƙanana na ƙarshen hanji. Magani duk abu mai ɗaci. *Wermod* ɗin nan ma a ƙarni na 15 bakin mutane ya lanƙwasa ta ta koma *wormwood*, alhali asalinta ba ruwanta da tsutsa.

Masu tonon tarihi sun tabbatar tsutsar ta yi yawa. A 1972, a birnin York, an tono busasshen bayan gida na mutum ɗaya mai tsawon santimita 20, na ƙarni na 9, cike da ƙwayayen tsutsa. Da aka gano ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a Leicester a 2012, ƙasar da ke daidai ƙugunsa ta nuna ƙwan macijin ciki. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne binciken Cambridge da aka buga a 2022: cikin 'yan zuhudu 19 na gidan Augustine, 11 suna da tsutsa, kashi 58 cikin ɗari, yayin da cikin talakawan gari 25 aka samu 8, kashi 32. 'Yan zuhudun ne masu makewayi da wurin wanke hannu, su ne kuma suka fi kamuwa. Masu binciken sun karkata ga cewa takin bayan gida da suke zuba wa lambunsu ne sanadi.

Mutuwar sarakuna biyu za ta shiga nan, amma don a ga yadda marubutan tarihi suka fassara ta. Henry na Huntingdon ya ce Henry na Ɗaya ya mutu a 1135 bayan ya ci kifin *lamprey*, wanda likitansa ya hana shi, kifin ya sanyaya jinin tsoho. Sarki John ya mutu da atuni a Newark a 1216, aka ce 'ya'yan itace da sabuwar giyar tuffa ya cika wa cikinsa. Ba wanda ya tambayi ruwan da ya sha a sansanin yaƙi; ga mai tunanin tukunya, abin da ka zuba da hannunka shi ne abin zargi.

17 ga Mayu

Na fasa jera kalmomin bisa haruffa. Rubutunsu ba shi da tsayayyen ƙa'ida, *mawe* tana zuwa *maghe*, *wombe* tana zuwa *wambe*, ɗalibi zai ɓata yana nema. Kuma jerin haruffa yana raba *defien* da *meltan*, ya raba *mawe* da *stomak*, alhali labarin yana tsakaninsu ne. Littafin zai bi abinci: baki, maƙogwaro, tumbi, hanta, hanji, fita. A kowane zango tsohuwar kalma da wadda ta ture ta za su zauna shafi ɗaya, da shekarar da aka fara ganin baƙuwar a rubuce. Jerin haruffa ya koma baya a matsayin manuni.

An rubuta babi biyar. Saura fassarar Turanci ta littafin Gilbert, wadda Faye Getz ta buga a 1991, don sunayen cututtukan tumbi. Sai John Arderne na Newark da bayaninsa a kan yi wa marar lafiya ɗurin magani ta dubura. Sai littafin girkin masu dafa wa Richard na Biyu, na wajen 1390, wanda ya ce da shawarar likitocin fada aka tsara shi. Mai buga mana takardu ya ce na'urarsa tana mayar da harafin þ akwati, kamar yadda take yi wa ɗ da ƙ. Ranar Litinin zan kai masa wani nau'in rubutu mai ɗauke da duka ukun mu gwada shafin *þearm*.